Kanya Ta Nuna Babu Biri: Kunkuru da Dajin Wani Tsibiri a Morishus

A gonar Baffana, a wani ƙauye kan hanyar Daura zuwa Zango, akwai wata kanya da ta girmi duk mai numfashi a garin. Sai mutum biyu sun haɗa hannu kafin su zagaye gindinta. In sanyi ya shigo takan yi 'ya'ya har ƙasa ta yi rawaya, ƙudaje na bi, tumaki na tsinta. Bara da na je hutu, muna zaune a inuwarta yana gyaran ƙotar fartanya, na ce, "Baffa, wai ina 'ya'yan kanyar nan?"

Ya nuna ƙasa da haɓa. "Ga su nan kana takawa."

Na ce ba su nake nufi ba, ƙananan itatuwa nake nufi, waɗanda za su gaje ta.

Ya ajiye ƙotar, ya bi gonar da kallo har iyakarta. "Malam," ya ce, don haka yake tsokanata tun da na fara koyarwa, "rabona da in ga kanya ta tsiro da kanta a nan tun kafin a yi maka kaciya. Da can dila ke shuka ta, shi da jan biri. In ka ga kashin dila a bakin gona da kaka, ƙwallayen kanya ne zalla. Yanzu ina dilan?"

Ilimin halittu nake koyarwa a wata sakandare a Katsina, kuma abin da Baffa ya faɗa da baki ɗaya, shi ne masana suka yi shekaru suna bin diddiginsa a wani ɗan tsibiri da ke tekun Indiya. Abin da ya sa lamarin ya tsaya mini a rai: itacen da ake magana a kansa can ɗan'uwan kanyarmu ne na jini. Dangi ɗaya suke, wanda masana ke kira Diospyros. Tamu ita ce Diospyros mespiliformis, tasu Diospyros egrettarum. Don haka zan riƙa ce mata kanyar tsibiri.

Wurin da abin ya faru

Morishus tsibiri ne a gabas da Madagaska, kimanin kilomita 2,000 daga gaɓar Afirka. Kafin jiragen ruwa su fara zuwa babu mutum ɗaya da ke zaune a can. Babu akuya, babu biri, babu ɓera, babu kyanwa. In ka ɗebe jemagu, babu wata dabba mai shayarwa a doron ƙasar. Masu cin 'ya'yan itatuwa su ne tsuntsaye, jemagu, wasu manyan kulɓobi, da ƙattin kunkurai iri biyu da ke yawo garke-garke. Cikin tsuntsayen akwai wanda ake kira dodo, ba Dodon tatsuniya mai cinye yara ba, wani ƙaton ɗan'uwan tantabara ne da ba ya tashi, wanda rashin tsoronsa ne ma ya ci shi.

Mutanen Holan sun sauka a 1598, suka kafa zama a 1638. Abin da ya fi jan hankalinsu shi ne baƙin katakon da ke zuciyar itatuwan dangin kanya, mai tsada a Turai. Suka yi ta sara. Ganin dodo na ƙarshe da aka fi yarda da shi a 1662 ne. Kunkurai kuwa abincin tafiya suka zama: a kife su a cikin jirgi, su yi watanni ba ci ba sha ba su mutu ba, a riƙa yankawa ɗaya bayan ɗaya. Aladu da ɓerayen da suka sauko daga jirage suka bi ƙwai da ƙanana. Cikin ƙarni na 18 babban tsibirin ya wayi gari babu kunkuru ko ɗaya. Faransa ta karɓi wurin a 1715, Ingila ta ƙwace a 1810, rake ya cinye mafi yawan ƙasar, har aka kai yau dajin asali mai lafiya bai cika kashi 2 cikin 100 ba.

A gefen kudu maso gabas, kusa da garin Mahebur, ƙasa da kilomita ɗaya daga gaɓa, akwai ɗan tsibirin da Faransawa suka sa wa suna Il-o-Zegret, wato Tsibirin Balbela. Hekta 26 ne kacal, akwai manoman da gonarsu ta fi shi. Ƙasarsa dutsen murjani ce mai kaifi. A nan ragowar dajin bakin teku na Morishus ya maƙale, da kanyar tsibiri a cikinsa. Sojojin Ingila sun girke manyan bindigogi a wurin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka share wani ɓangare. An ayyana shi wurin da doka ta kare a 1965, amma masu saran itacen girki ba su daina ba sai a shekarun 1980, lokacin da ƙungiyar kare namun daji ta ƙasar, Mauritian Wildlife Foundation, ta karɓi kula da shi. Suka tuge baƙin ciyayi da hannu, suka dasa na gida, zuwa 1991 suka gama da ɓeraye.

Matsalar

Ka ce shi ke nan, an hana sara, an kashe ɓera mai gurgurar iri, daji zai dawo. Bai dawo yadda aka zata ba. Kanyar tana fure, tana 'ya'ya, 'ya'yan na faɗuwa. Tsiro ma yana fitowa, amma duk a gindin uwa, cunkushe kamar irin da aka zubar daga ƙwarya. Filayen da aka sare tun da daɗewa, waɗanda ke da rana da sarari, suna nan wayam.

Duk manomi ya san abin da ke faruwa da gero in ba a cire ba. Tsiron da ya fito a gindin uwarsa yana fama da inuwarta, da saiwarta da ta riga ta mamaye danshi, da 'yan'uwansa ɗari da ke neman abinci ɗaya. Sannan ƙwari da cututtukan da suka saba da wannan itace a nan suke taruwa, don nan ne abincinsu. Shi ya sa itace ke naɗe ƙwallonsa cikin zaƙi. Zaƙin nan lada ne. Itace ba shi da ƙafa, sai ya yi hayar mai ƙafa ko mai fiffike, ya biya shi da abin da zai tsotsa, shi kuma ya kai ƙwallon nesa ya ajiye shi cikin taki. Girman ɗan itace kuwa yana nuna girman bakin da aka yi shi dominsa. Ɗan kanyar tsibiri ya fi namu girma, kuma tsuntsayen da suka rage a wurin babu mai iya haɗiye shi. Ladan na nan a ƙasa kowace shekara, ɗan dakon ne ya mutu shekaru aru-aru da suka wuce.

Kafin in faɗi abin da aka yi, dole in ratse, domin akwai wani labari da ya fi wannan suna, kuma shi ne ɗalibaina ke fara cin karo da shi a intanet. A 1977 wani masani ɗan Amurka, Stanley Temple, ya wallafa cewa wani itacen Morishus mai suna tambalakok ya daina haihuwa tun mutuwar dodo. Ya ce 13 kawai suka rage, duk tsofaffi da suka haura shekara 300, kuma ƙwallonsa mai tauri ba ya tsirowa sai ƙundun dodo ya goge shi. Ya ɗura wa talotalo ƙwallaye 17, bakwai suka farfashe a ƙundu, ya shuka goman da suka fito, uku suka tsiro. Labari mai daɗi, ya shiga littattafan makaranta. Sai dai bai shuka wasu ƙwallayen da talotalo bai taɓa ba don a gwada, kuma daga baya aka tarar da itatuwan tambalakok masu ƙananan shekaru a daji, aka kuma ga ƙwallon na tsirowa ba tare da wani tsuntsu ba. Masanan ƙasar, Claudia Baider da Vincent Florens, sun nuna cewa abin da ya fi danne shi shi ne baƙin ciyayi da suka shaƙe dajin, da birai da ke tsinke 'ya'yan tun suna ɗanye. Ina kawo wannan a aji don yara su ga cewa daɗin labari ba hujja ba ne. Aikin Tsibirin Balbela ya fi shi ƙarfi saboda an ƙirga, an gwada, an kuma jira shekaru.

Abin da aka yi

Kunkuran Morishus sun ƙare, babu mai dawo da su. Amma a tsibiran Aldabra na ƙasar Seshel akwai wani ƙaton kunkuru da ya tsira, suna nan wajen 100,000. Babban namiji kan kai kilo 250, wato buhu biyu da rabi na masara, kuma yana haura shekara ɗari a duniya. Ba irinsu ɗaya da waɗanda suka mutu ba, amma baki irin wancan, ciki irin wancan, tafiya irin waccan. Hausawa suka ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.

A shekarar 2000 aka kai na farko guda huɗu, aka killace su don a ga abin da za su ci da abin da za su ɓata. Wannan killacewar ita ce hankalin aikin. Mutanen da suka yi shekara goma sha biyar suna fitar da baƙin dabbobi daga tsibirin, yau ga su da kansu suna shigo da baƙo, kuma tarihin ƙasarsu cike yake da irin wannan dabara da ta juye. An kawo tunku daga Indiya don ya ci ɓerayen gonakin rake, ya koma cin tsuntsayen gida. Abin da ya ba su ƙarfin hali da kunkuru abu ne mai sauƙi: ba ya gudu, ba ya ɓuya, ba ya hayayyafa da sauri. In ya zama fitina, a rana ɗaya za a tattara su a loda a kwalekwale. Ba za ka iya yi wa ɓera haka ba.

Daga baya aka ƙara wasu, aka sake su su yi yawo, zuwa 2009 manya 19 ne ke zagaya tsibirin. Christine Griffiths ta jami'ar Bristol da abokan aikinta suka bi sawu, suka wallafa abin da suka gani a 2011. Kunkuru na zuwa gindin kanya ya kwashe 'ya'yan da suka zuba, ya haɗiye da ƙwallo, ba ya taunawa don ba shi da haƙori. Abincin kan yi kwanaki a cikinsa, wani lokaci makonni, shi kuma yana ta jan jiki, sannu ba ta hana zuwa. Inda ya yi kashi, nan ƙwallaye za su sauka a dunƙule cikin taki mai laima. Aka ƙirga ɗaruruwan irin waɗannan wurare da tsiron kanya ya fito a tare, har a filayen da aka sare inda da babu ko ɗaya. Da aka gwada ƙwallon da ya bi ta cikin kunkuru da wanda aka bari cikin ɓawonsa da tsokarsa, na kunkurun ya fi yawan tsirowa, ya kuma fi sauri.

Akwai wani abu da ya fi wannan burge ni. Itatuwa da yawa na Morishus suna da ganye iri biyu. Wanda ke ƙasa, daidai inda wuyan kunkuru ke kaiwa, siriri ne mai jan zane-zane ko ɗigo-ɗigo. In itacen ya yi tsawo ya wuce nan, sai ganyen ya koma kore mai faɗi kamar na kowa. Da aka miƙa wa kunkuran Aldabra iri biyun, sai suka riƙa barin na ƙasan suna cin na saman. Itatuwan suna nan suna kare kansu daga dabbar da ta ɓace tun zamanin da, kuma da baƙon ya zo sai ya gane gargaɗin. Amfanin haka a aikace shi ne kunkurun ya fi kiwon baƙin ciyayi, waɗanda ba su da wannan kariya, ya bar yawancin tsiron gida. Ma'aikatan da ke tugu da hannu sun samu mataimaki.

A 2007 aka maimaita dabarar a wani tsibirin da ke arewa, Round Island, wanda awaki da zomaye suka taɓa aske shi ƙwal kafin a kawar da su a 1979 da 1986. Can ma kunkurai na baza ƙwallayen wani itace mai kama da giginya.

Inda abin bai yi daɗi ba

Cikin kunkuru ba ya tambayar takardar ɗan ƙasa. In ya ci ɗan baƙon itace, shi ma zai kai ƙwallonsa nesa ya shuka da taki, don haka tugu bai ƙare ba. Tsiron kanya kuma ba itace ba ne tukuna. Dangin nan ba sa gaggawa, wanda ya shuka ba shi ke cin 'ya'ya da wuri ba, kuma akwai mace akwai namiji, sai an samu duka biyun a kusa. Sannan tsibirin ba a sama yake ba. Jaba, wadda ita ma baƙuwa ce daga Asiya, ta gagari masu kawar da ita, tana cin ƙananan kulɓobin da aka dawo da su. A watan Yulin 2020 jirgin dakon kaya Wakashio ya daki duwatsun teku kusa da wurin, a Agusta man da ya kai tan 1,000 ya malala, sai da aka kwashe wasu tsirrai da dabbobi aka gudu da su.

Babbar damuwar ma tana babban tsibirin, inda ba za a iya share komai a fara daga fari ba. Can baƙi sun fi 'yan gida yawa, kuma da yawansu masu cin 'ya'yan itace ne. Mutum zai ce to ai gurbin ya cike. Wani bincike da Julia Heinen ta jagoranta, wanda ya fito a 2023, ya duba wannan tambayar, ya ce bai cike ba. Dalilin a baki yake. Biri na tsinke ɗanye ya gatsa ya yar kafin ƙwallo ya ƙosa. Ɓera ƙwallon yake nema, ya gurgure shi. Alade na da turame a baki. Wani ɗan tsuntsu da aka kawo daga Asiya a 1892 yana haɗiye iri lafiya, amma ƙanana kawai, kuma mafi yawan abin da yake bazawa baƙi ne irinsa. Ga wata 'yar gwaiba daga Burazil, wadda mutanen ƙasar ke ci da gishiri da barkono, birai da aladu sun shuka ta ko'ina har ta zama kurmin da babu abin da ke tsirowa ƙarƙashinsa. Ka ga baƙo biyu ke nan, kunkuru da biri, ɗaya ya gyara ɗaya ya ɓata. A ganina tambayar da ta dace a yi wa kowace dabba ita ce me take yi da ƙwallo in ya shiga bakinta, kafin a tambayi daga ina ta zo.

Ɗan dako babba guda ɗaya ya rage wa dajin daga cikin na asali: jemage. Masu cin 'ya'yan itace iri uku ne da can, yanzu saura ɗaya, ƙato mai fuska kamar ta kare, wanda ke iya ɗaukar babban ɗan itace ya tashi da shi. Shi ne kuma gwamnati ta sa aka harbe. Masu lambun mangwaro da na wani ɗan itace mai suna lici sun yi kuka yana ci musu amfani, a 2015 aka kashe kusan 30,000, a 2016 wajen 7,000, aka kuma maimaita a shekarun da suka biyo baya. A 2018 aka sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Ban ga laifin mai lambu ba, wanda ya taɓa kwana yana kaɗa gwangwani a gindin mangwaro ya san zafin abin. Amma masu bincike sun nuna tsuntsaye da iska da barin 'ya'ya su nuna su zube suna da nasu kason na asarar, kuma rufe itace da raga ya fi harbi kare amfani. Ƙasa ɗaya tana jigilar kunkuru a jirgi don ya yi dako, tana kuma harbe mai dakon da Allah ya bar mata kyauta.

Komawa gona

Daura ba tsibiri ba ce, tudu ne har Damagaram. Amma ka hau mota daga Katsina ka bi ta Mashi ka dubi gefen hanya. Kanya a nan, ɗinya can, tsamiya da kuka da ɗorawa, kowace ita kaɗai tsakiyar gona, duk tsofaffi, tsakaninsu sai huɗa. Ga dila ko biri, fili irin wannan bai da maraba da teku. Ba na cewa rashin dila ne kaɗai ya hana kanyar Baffa magada, in na faɗi haka na zama Temple da talotalonsa. Garmar shanu na bi ta gindinta kowace damina, akuya kuma ba ta barin koren abu da rani. Waɗannan biyun, a nawa hangen, sun fi dila laifi.

Mu ma muna da namu baƙon da ya samu 'yan dako. Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, asalinsa ɗan ƙasar Indiya ne, aka kawo shi zamanin Turawa. Ɗansa ƙarami ne daidai bakin jemage da tsuntsu, akuya kuma ba ta cika son ɗacinsa ba, shi ya sa za ka tarar da shi ya tsiro a gindin katanga da bakin kududdufi da maƙabarta ba wanda ya dasa. Muna kuma da uwar ɗaki. Gawo, dabbobin gida ne ke shuka shi: saniya da akuya su ci 'ya'yansa da rani, ƙwallon mai tauri ya bi ta ciki ya yi laushi, ya sauka cikin taki. Akuyar da ke cinye tsiro ita ce ke kai irin. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun gane haka, suka koma barin tsiro da kututture a gona suna yi musu aski maimakon sassabe duka, abin da suke kira sassaben zamani, har miliyoyin hekta suka sake yin itatuwa.

Da na ba Baffa labarin kunkuru, dariya ya yi har da tari. "Buhu biyu da rabi? To wa zai ba shi harawa da rani?" Ya ce ko na gida ma, ɗan ƙaramin da suke tsinta suna yara, ya manta rabon da ya gani.

Washegari da hantsi ya aiko jikansa ya kira ni. Na same shi can ƙarshen gona, inda wata magarya ta yi sarƙaƙiya a kan iyaka, garma ba ta shiga, akuya ba ta iya cusa kai. Nan yara masu kiwo ke fakewa da rana, aljihu cike da kanya, suna tsotsa suna tofarwa. Ya ɗaga reshe da sanda. Tsiro uku, babban bai kai gwiwa ba, ganye mai duhu mai sheƙi, sabon toho ja-ja.

"Ga dilolinka nan," ya ce, yana nuna yaran da ke kora tumaki a nesa. Ya juya ga jikan. "Kai, je ka ce wa babanka ya ba ni gatari, mu ƙaro ƙaya ta wannan gefen."